Aljanin Gadar Katako

Masana sun tabbatar cewa aljanu ba sa tarewa sai a wurin da mutane suka yi watsi da shi. In haka ne, wanda ya shiga gidan Manaja ya makara da shekara shida.

Manaja shi ne mai kula da wurin shaƙatawa na bakin tafki. Ya samu sunan tun yana da ma'aikata tara. Yanzu shi ne mai yanka tikiti, shi ne mai shara, shi ne mai gadi, amma sunan bai sake shi ba. Shekara shida ke nan da hukuma ta rubuto cewa wurin ya riƙa ciyar da kansa da kuɗin shiga. Lilon yara ya karye, fitilu sun mutu. Abin da ya rage yana jawo mutane kwale-kwale huɗu ne, da gadar katako da ake bi a hau su. Gidan da yake ciki na hukuma ne, a bayan ɗakin tikiti. Ranar da aka rufe wurin, ranar za su kwashe kaya.

Katakon gadar ya ruɓe. Manaja ya rubuta wa hukuma wasiƙa goma sha ɗaya, kowacce ta fi ta baya ladabi. Babbar 'yarsa, wadda kowa ke kira Yaya, ita ke kwafe masa su saboda kyan rubutunta. Tsakanin ta tara da ta goma ne Auta, mai shekara bakwai, ta taka katako na goma sha huɗu, ya karye da ita. Yaya ce ke riƙe da hannunta. Sai washegari aka same ta a cikin ciyawar ruwa.

Bayan kwana bakwai Manaja ya buga falanki a kan ramin, ya buɗe gadar. Ba wanda ya ce masa komai. Matarsa ta rataya labule mai kauri a tagar da ke kallon tafki. Yaya ta ci gaba da jera kofi huɗu da safe, sai ta tuna, ta ɗauke ɗaya.

Wata magariba, baƙi sun watse, ruwa ya yi lif, Manaja yana alwala a bakin ƙofa, sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufin gidan. Ya gangaro a hankali har ya faɗi kusa da butarsa. Jiƙaƙƙe ne, da gansakuka a jikinsa. Washegari duwatsu uku suka faɗo. Bayan nan sai ƙusoshi masu tsatsa, irin waɗanda ya sani sarai. Maƙwabta suka ce aikin mutanen ɓoye ne. Ba wanda ya ga dalilin lura da cewa kowane dutse daidai tafin hannun budurwa yake.

Ran nan aka tarar da Yaya zaune a tsakar ɗaki, gefen zanenta sharkaf da ruwa, idonta a kafe a kan labule. Uwar ta kira ta sau uku. Muryar da ta amsa kakkaura ce, kamar daga cikin rijiya.

"Yaya ba ta nan."

Aka ɗauko Malam, dattijo mai sanyin magana. Ya zauna a kan tabarma, ya daɗe yana karatu, har hasken da ke ƙasan ƙofa ya ɗauke. Yarinyar ta fara makyarkyata.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Maƙwabcinsu ne. A ƙarƙashin gada nake."

"Me yarinyar nan ta yi maka?"

"Ba ta yi komai ba. Ta riƙe iya ƙarfinta. Hannun ne ya sulluɓe."

Uwar ta toshe bakinta da mayafi.

"Kullum ƙafafu a kaina," muryar ta ci gaba. "Ina jin katako yana kuka. Na sha huɗu ya tafi. Na shida yana hanya, sai na ashirin. Jiya wata mace ta bi ta kai da goyo. Ya sani. Tambaye shi."

Malam ya juya. Manaja yana tsugune a jikin bango, ya zuba wa tafin hannunsa ido.

"Na rubuta musu," ya ce. "Wallahi na rubuta."

"Sau goma sha ɗaya," in ji muryar. "Takarda ake takawa ko katako?"

Ba a san aljanu da bin diddigin wasiƙun ofis ba, amma Malam bai tsaya binciken wannan ba.

"Faɗi abin da kake so, ka fita."

"Gadar ƙarfe. Da rigunan ruwa masu hana nutsewa guda ashirin, har da na yara."

"Haba, bawan Allah. Dubi mutumin nan. Rage mana."

"Ba kasuwa muke ba, Malam."

"To, abin da hannunsa zai iya yi gobe."

Daga waje ana jin ruwa yana bugun ƙafafun gada.

"Sarƙa da kwaɗo," in ji muryar. "Kafin rana ta fito."

"In na rufe gada, an rufe wurin," in ji Manaja. "Ina zan kai ku?"

Matarsa ce ta amsa, karo na farko da ta yi masa doguwar magana tun bayan rasuwar.

"Rufe ta, Baban Yaya. Ɗaya ta rage mana."

Ya ɗaga kai. Ya dubi 'yarsa, ba aljanin ba.

"Na sani tun kafin ranar," ya ce. "Ba hannunki ba ne. Ni ne."

Yarinyar ta yi atishawa, ta kife a cinyar uwarta. Da ta buɗe ido, da muryarta ta nemi ruwa. Sannan ta yi kukan da ba ta yi ba wata huɗu. Malam ya naɗe littafinsa, ya ce aljanin ya riga ya fita, kuma a ganinsa ba zai dawo ba muddin an cika alkawari.

Da asuba Manaja ya ɗaure gadar da sarƙa. Ya zauna ya rubuta wasiƙa da hannunsa, ba ladabi ba ado, ya bayyana wa hukuma wanda ya ba shi umarnin rufewa. Matarsa ta fara haɗa kwanuka a kwali.

Amma ba su tashi daga gidan ba. Mota ta zo da manyan jami'ai uku, suka duba gadar daga nesa, cikin girmamawa. Kafin wata biyu an kafa ta ƙarfe, an kawo rigunan ruwa ashirin, shida na yara.

Wasiƙa goma sha ɗaya sun ambaci ruɓaɓɓen katako, biyu daga ciki sun ambaci Auta. Ta goma sha biyu ce kaɗai ta ambaci aljani. An amsa ta cikin kwana huɗu.