Kujerar Mai Gida

Dab da magariba muka rage mu uku a ɗakin horo. Ofishinmu ne ya turo mu koyon tafiyar da aiki, daga tsarawa har miƙawa. Darasin ranar kwaikwayo ne: kowace ƙungiya ta gina gida da kwali da gam, kowa da katin matsayinsa rataye a wuya. Ni ce shugaba, Injiniya na yanka, Dogo ne mai sayo kaya. Kafin Malama mai horar da mu ta fita ta kafa doka: ba a tashi sai mai gida, wato wanda ake wa ginin, ya ce ya karɓa.

Wanda zai zama mai gidanmu bai zo ba. Dogo, sarkin barkwancin ofis, ya ɗora katin mai gidan a kan kujerar da ba kowa, ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, ko wane ne kai, bismillah. Aikinka ne."

Muka yi dariya. Sauran ƙungiyoyi suka miƙa nasu suka watse.

Na tattara almakashi, na ɗauki jaka. 'Yata na jirana a ƙofar makaranta. Na murɗa ƙofa. Ta ƙi.

Fanka ta tsaya. Warin gam ya yi nauyi, a ƙarƙashinsa wani wari kamar na jiƙaƙƙiyar toka. Kujerar ta yi ƙara, irin ta wanda ya gyara zama.

"A rage tsawon rufi."

Muryar ƙasa-ƙasa take, kamar ana jan takarda a kan siminti.

"Anti," Injiniya ya raɗa mini, "wa ya yi magana?"

"Yanka kawai," na ce.

Ya yanka. Da na ɗaga kai, silin ɗakin ya sauko har yana shafar hular Dogo.

"A toshe tagogi."

Da safe aka koya mana abin da ake cewa idan mai gida ya ƙaro buƙata. Na juya wajen kujerar.

"Wannan ba ya cikin abin da muka amince da shi."

"To ban karɓa ba."

Na duba waya. Babu layi. Na fara addu'a, harshena ya yi nauyi.

Muka toshe. Duk tagar da muka manna wa kwali, sai ɗaya daga tagogin ɗakinmu ta toshe. Ta ƙarshe ta tafi da sauran hasken yamma.

"Saura me?" na tambaya.

"Gida babu mazauni."

Ƙafafun kujera suka ja ƙasa. A hankali. Suka tsaya saitin Dogo.

"Anti, wallahi wasa nake yi."

Na ja da baya.

Na ji ya cire katin wuyansa. Na ji ya tura shi ta 'yar ƙofar kwalin.

"Na karɓa."

Ƙofa ta buɗe. Ban san yadda muka sauka daga benen ba.

Na tarar da 'yata zaune kusa da mai gadin makarantarsu, tana kuka. Washegari Malama ta nemi gidanmu na kwali ta ba shi maki, ba a gan shi ba.

Dogo yana zuwa aiki har yanzu. Ya daina barkwanci. Tafiya yake a sunkuye, ko a fili ne, kuma matarsa ta ce kome wankin da ta yi, kayansa warin gam suke. Ni kuwa, kafin kowane taro, sai na fitar da duk kujerar da ba mai zama.

Makon jiya Dogo ya tsaya a bakin teburina ya daɗe, yana lalube da ido kamar mai neman hanya a duhu.

"Anti," ya ce, "da kun bar min ko taga ɗaya."