Numfashin Aro

"Sa hannu kawai za ki yi! Sa hannu!"

Dogo ya buga takardar amincewa da fara yi wa babansa magani a kan teburina har biro ya faɗi. Saura wata biyu aurenmu, amma yau kallon baƙuwa yake min.

"Ba zan iya ba, masoyina..."

"Kar ki kira ni haka! Babana na kwance, ciwon daji na cin huhunsa, ke kina nan kina wasa da 'yar tsana!"

'Yar tsanar da yake nufi ƙirjin roba ne mai inji, yana hawa yana sauka kamar mai rai. Aikina ke nan a sashen gashi na asibiti, inda ake ƙona ciwon daji da haske. Ƙarin da ke huhu ba ya zama wuri ɗaya, numfashi yake bi. Kafin a haska majinyaci, sai in sa wa robar irin numfashinsa, in zura fim a cikinta, mu haska. Fim ɗin ke nuna inda hasken ya sauka.

Da numfashin da aka ɗauka ranar hoton huhun Baba, komai ya fito daidai. Amma jiya da aka kwantar da shi gwaji shi kaɗai, layin numfashinsa da ke allona ya riƙa tsalle, ya ninka na farko. Na sa wa robar wannan numfashin. Hasken ya bar gefen ƙarin, ya sauka kusa da zuciya.

"Sai an sake hoton," na ce a hankali. "Kwana tara."

"Tara! Ke da ko gaisuwa sai an sa kunne a ji ki, yau kin iya cewa a'a? A kan babana?"

Ya fita, ƙofa ta bugu.

Na tarar da Baba zaune a bakin gado, yana haki kamar wanda ya hau bene. Yana ganina ya gyara zama, ya haɗiye hakin.

Nan na gane.

"Baba, ranar hoto... numfashin nan ba naka ba ne, ko?"

Ya dubi silifas ɗinsa.

"'Yata, idonki ya fi bakinki aiki," ya ce, yana ɗan murmushi. "Yaron na tsaye bayan gilashi yana kallona. Tun rasuwar uwarsa bai taɓa ganin na gaza ba. Sai na riƙa shan iskar kaɗan-kaɗan, kamar mai lafiya."

Ba a barin dangi su tsaya bayan gilashin nan. Ni na shigar da Dogo ranar, don ya ce min, "Haba rabin raina, minti biyar kawai."

"Bari in gaya masa, Baba."

"A'a!" Ya riƙe hannun gadon, tari ya sarƙe shi. "In ya ji saboda shi ne, ba zai yafe wa kansa ba. Amana na ba ki."

"To ni fa?"

"Ke ai mai haƙuri ce."

Haka aka ɗora min. Shugabar sashenmu ta duba fim ɗin, ta ce a sake hoto, kuma kada kowa ya tsaya bayan gilashi. Ranar sabon hoton Dogo ya zo, na tare ƙofa da jikina.

"Yanzu har ganinsa za ki hana ni?"

"Doka ce..."

"Ranar nan ina dokar take? Faɗa min dalili ɗaya, ɗaya tak, in yarda da ke!"

Dalilin na bakina, yana ƙona min harshe. Na dubi ƙasa.

"Shi ke nan," ya ce. "Wadda ta fifita roba a kan babana ba za ta zauna a gidansa ba."

Bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga.

A rana ta tara na sake haska robar da numfashin Baba na gaskiya. Fim ya yi baƙi daidai inda ake so. Na sa hannu, yatsana babu zobe.

Ina gyara masa kwanciya a ƙarƙashin na'ura, Baba ya kalli yatsan. Idonsa ya ciko.

"Zan gaya masa, 'yata... bari dai in warke tukuna."

Na san ba zai faɗa ba. Shi ma ya san na sani.

"Yi numfashinka yadda yake, Baba," na ce. "Yau ba mai kallo."

Na fito, na ja ƙofa mai nauyi. A allona layin na hawa yana sauka, babu ɓoyo, hasken na bin sa sau da ƙafa. A can ƙarshen baranda Dogo na zaune, ya ba ni baya.

Sai da na'ura ta yi ƙarar gamawa na lura ni ce na riƙe numfashina.