Ranar da Allo Na Biyu Ya Mutu

Sufeto mutum ne da bai yarda da kowa ba, ko shayinsa sai ya shinshina kafin ya kurɓa. Safiyar Alhamis yana cikin wannan shinshinar Saje ya shigo da fayil, bayansa wata mata mai tabarau da wani mutum mai biro uku a aljihun riga.

"Ranka ya daɗe, sata ce a cikin kwamfuta," in ji Saje. "Wanda ake zargi yana bayan kanta tun jiya da yamma. Dogo suke ce masa, mai gyara ne a layin masu kwamfuta."

Matar ta zauna. Aikinta fassara ne, a gida take yi. Kullum sai ta buɗe takarda biyu, ta asali da wadda take rubutawa, kuma ƙaramin allo ɗaya ya gama da idonta. Shi ya sa ta nemi kwamfutar tebur mai ɗaukar allo biyu. Dogo ya zaɓar mata, ya kawo gida ya haɗa. Mako guda komai lafiya.

"Litinin na yi tafiya, yallaɓai. Jiya na dawo na kunna, allon dama ya ƙi kamawa. Baƙi ƙirin. Na kira Yaya ya duba, ya ce an cire katin da ke ba allunan hoto."

"Wane ne Yaya?"

Mai biro ukun ya gyara murya. "Ni ne. Malamin kwamfuta ne ni a makarantar sakandare. A gida Farfesa suke ce min."

"Kai ka ce ta kawo ƙara?"

"To me za a jira? Yaron nan ya nuna mata kaya mai kyau, ya dawo daga baya ya zare abinsa. Halinsu ne. Tun farko na gaya mata."

Sufeto ya dube shi, ya dubi ƙanwar. Ya ɗauki hularsa, suka nufi gidan matar.

Ɗakin aikin ƙarami ne, tebur ya cinye rabinsa. Alluna biyu kafaɗa da kafaɗa, ƙamus uku a gefe, da kwalbar maganin ido. Sufeto ya durƙusa da ƙyar, gwiwarsa ta yi ƙara, ya juyo bayan akwatin kwamfutar wajen haske.

Wayar allon dama tana reto, ba ta da wurin shiga. Ta allon hagu an jona ta can sama, a ƙofa ɗaya tilo da injin ya zo da ita. A ƙasa, inda katin ya zauna, an rufe ramin da wani siririn fallen ƙarfe, an ɗaure da sukuru tsaf.

Akwatin baƙi ne. Fallen kuwa ruwan toka ne, tsoho, kuma a jikinsa akwai rabin sitika shuɗiya da ta yage, ana ganin lamba huɗu da bakwai.

"Saje, ka taɓa ganin ɓarawon da ya fasa taga ya tsaya ya sa mata labule?"

"Sai dai in mai kunya ne, ranka ya daɗe."

"Kwance min shi. A hankali, kar ka goge sitikar."

Mijin matar yana tsaye bakin ƙofa, hannu a baya, kamar ɗalibin da bai yi aikin gida ba. Ma'aikacin hukumar ruwa ne, yana hutun shekara.

"Kana gida ranar Talata?"

"Wuni guda, yallaɓai. Ko ƙofar gida ban leƙa ba."

"Wa ya zo?"

"Dogo ya zo, haka na ji."

"Ka ji, ko ka gani?"

Mijin ya saci kallon matarsa. Sufeto ya ce mata ta taimaka da ruwan sha. Tana fita mutumin ya matso, muryarsa ta koma ƙasa.

"Don Allah kar ta ji. Kallon ƙwallo na je da la'asar. Na yi mata alkawarin na daina, likita ya ce yana tayar min da hawan jini."

"Wa ka bar wa gidan?"

"Farfesa. Ya zo gaishe ni, ya ce in je abina, zai zauna ya duba takardun ɗalibai. Da na dawo shi ya ce min Dogo ya zo."

"Ka tambaye shi ko Dogo ya shiga ɗakin?"

"Yallaɓai, wa yake tambayar Farfesa? Bayani kawai yake yi, kai kuma ka ce haka ne."

A ofis aka fito da Dogo. Ya ci sunansa, sai da ya sunkuya ya shiga ɗakin tambayoyi. Idonsa ja, bai yi barci ba. Maigidan shagonsu ya aiko cewa in zuwa magariba ba a wanke shi ba, kar ya dawo. Kuma a layin masu kwamfuta, wanda aka taɓa kira ɓarawo ko batirin agogo ba mai sake ba shi.

"Ka koma gidan bayan ka haɗa kayan?"

"Ban koma ba."

"Ƙarya. An gan ka Talata."

Dogo ya murza yatsunsa. "Na je. Tsoro ne ya sa na ce ban je ba. Wayar allon dama ta ɗan gajarta, tana jan allon, na yi wa Malama alkawarin doguwa. Yayanta ya karɓa a bakin ƙofa. Ko takalmi ban cire ba."

"Wa zai shaide ka?"

"Allah."

"Shi ba ya sa hannu a fayil. Faɗa min yadda aka zaɓi kwamfutar."

Nan bakin Dogo ya buɗe, don an zo fagensa. Ya ce su biyu suka zo shago, ita da yayan. Yayan ya riga ya zaɓi wata siririya mai sheƙi, yana ta zuba bayanin saurinta da girman ma'ajiyarta.

"Ni kuma na ce, Malama, kafin ki kalli gaba, juya bayanta. In allo biyu kike so, ƙofofin baya za ki ƙirga, ki kuma duba ko bakinsu ya dace da wayoyin allunanki. Waccan ƙofa ɗaya gare ta, kuma cikinta ya matse, ba wurin ƙara kati. Na nuna mata babba, na ce wannan za a sa mata kati mai ƙofa uku, wutarta ma za ta ɗauka."

"Sai yayan ya ce me?"

"Ya ce a sayo 'yar waya mai reshe biyu, a raba hoton. Na ce, Malam, wannan ai abu ɗaya za ta nuna sau biyu, kamar mutum da madubinsa. Ita takarda biyu daban take so ta gani."

"A gaban mutane ka faɗa?"

Dogo ya sunkuyar da kai. "Shagon a cike yake. An yi dariya. Har da wani tsohon ɗalibinsa."

Sufeto ya ajiye fallen ƙarfen a tebur. "Naka ne?"

Dogo ya juya shi sau biyu. "A'a. Na wancan injin baƙi ne, ɓalle shi ake yi, ba ya komawa. Na jefar tun ranar. Wannan na tsohon inji ne, irin na ofisoshi. Sitikar nan ta ƙidayar kaya ce, masu sito ke manna ta."

"Ko ka ciro shi daga tarkacen shagonku."

"Yallaɓai, in ni ne, me zai sa in rufe ramin? Malama ba ta taɓa leƙa baya ba sai ranar da na ce ta leƙa."

Sufeto bai nuna ya yarda ba. Ya sa aka mayar da shi, ya aiki Saje ya birkice tarkacen shagon. Saje ya dawo da ƙura har gira, ba inji ɗaya mai shuɗiyar sitika.

Ƙarfe biyu suka isa makarantar da Farfesa yake koyarwa, an tashi ɗalibai. Sufeto ya ce wa Malama ta zo, wai akwai takardar da za ta sa wa hannu tare da yayanta. Farfesa yana ɗakin kwamfuta shi kaɗai, tsofaffin injuna ruwan toka jere a kan benci, kowanne da shuɗiyar sitika a bayansa.

"An gama da shi ke nan?" ya tambaya da fara'a.

"Saura kaɗan. Talata Dogo ya shiga ɗakin aikin?"

"Ya shiga. Ya ce zai canza waya. Ya daɗe a ciki."

"Kai kana ina?"

"Falo, ina makin takardu."

"Kai da ka ce halinsu ne, ka bar shi shi kaɗai da injin ƙanwarka?"

Farfesa ya taɓa birukansa ɗaya bayan ɗaya. "Mutum ba ya zargin kowa haka kawai."

"Ni ina yi," in ji Sufeto.

Ya bi bayan bencin yana karanta lambobi. Ya wuce biyar, ya tsaya a na shida, wanda aka tura lungu aka rufa masa tsohuwar taswira. Ya ɗaga taswirar. A bayan injin akwai rami siriri a buɗe, gefensa rabin sitika. Ya ciro fallen daga ambulan ya ɗora. Yagar ta haɗu baki da baki.

Sufeto ya ɗago ya dubi Farfesa.

"Ɗalibai suna wasa da kayan nan," in ji Farfesa.

"Ɗalibai suna da makullin gidan ƙanwarka? Buɗe durowar teburinka."

"Takardun jarrabawa ne, sirri ne."

"Saje."

Saje ya janyo durowar. Katin yana ƙarƙashin takardun, an naɗe shi da hankici. Kusa da shi doguwar waya sabuwa, ko ledarta ba a yage ba.

Malama ta cire tabarau ta goge, ta mayar, kamar laifin gilashin ne. "Yaya?"

Farfesa ya zauna a kujerar ɗalibai, gwiwoyinsa suka kusa taɓa haɓarsa.

"Ba sayarwa zan yi ba, wallahi. Shekara goma sha biyar duk wanda zai sayi ko rediyo a danginmu ni yake tambaya. Sai yaron da ko sakandare bai gama ba ya mayar da ni abin dariya, ke kuma kika bi shi. Kullum na zo gidanki sai in ga allunan nan biyu suna kallona. So nake ki ce, da na sani na ji maganar Yaya. Shi ke nan abin da nake so."

"Don me ka rufe ramin?" Sufeto ya tambaya.

"Ƙura za ta shiga," ya ce a hankali. "Kullum ina gaya wa ɗalibai kar a bar inji a buɗe. Hannuna ne ya yi da kansa."

Saje ya fito da ankwa. Farfesa ya miƙe da sauri ya juya ga ƙanwarsa.

"Auta, gaya musu maganar gida ce. Ki janye, mu je mu gyara a tsakaninmu. Ni na goya ki."

Ba ta kau da kai ba. Ta ce tana jin kunyar da ba ta taɓa ji ba a rayuwarta.

"Jiya kana tsaye kusa da ni aka cire wa Dogo bel da takalmi. Yana rantsuwa, kana cewa kar in saurare shi. Da bakina na kira shi ɓarawo a gaban duk layinsu, Yaya. Shi wa yake da shi da zai ce maganar gida ce?"

Farfesa ya juya ga Saje. Ya miƙa hannuwansa.

Suna fita Malama ta tsaya a bakin motar 'yan sanda, ta ƙi shiga.

"Yallaɓai, in kun sake shi, ku ba ni shi mu tafi layinsu kafin a rufe shaguna. Inda na faɗa da ƙarfi, can zan je in warware da ƙarfi."

Sufeto ya dubi agogo, ya buɗe mata ƙofar gaba.