Muryar da Ta Riga Shukri Magana

Da la'asar sakaliya Naziha ta biya gidan Gwaggo Zakiya don ta karɓi mukulli. Ta same ta a tsakar gida tana dakan barkono da tafarnuwa, ta ɗaure hanci da gefen mayafi.

"Me za ku yi a gidan wankan da ko ɓera ya ƙaurace masa?" in ji Gwaggo.

"Murya za mu ɗauka, Gwaggo."

"Ku ɗauka a ɗakinku mana."

"'Yan babur sun hana. Da Yaya ya buɗe baki sai wani ya wuce da ƙara."

Gwaggo ta ajiye taɓarya, ta shiga ɗaki ta fito da mukullin, wani ƙaton ƙarfe mai tsawon tafin hannu. Ba ta sake shi nan take ba.

"Ku yi sallama kafin ku shiga. Ku fito kafin magariba. Kuma ki gaya wa wannan mai bakin rediyon kada ya yi mini ihu a can."

Gwaggo ba ta taɓa gane sana'ar Naziha ba, ta ma daina tambaya. Akwai wata duniya a cikin intanet inda mutane ke shiga da surar da suka zaɓar wa kansu, su gina gidaje, su ci kasuwa, su yi wasan kwaikwayo. Wasu daga cikinsu wasan sa barci suke so. Ɗaya ya yi ta magana a hankali, ɗaya ya yi kamar an ɗauke masa hankali, a ce ya ɗaga hannu ya ɗaga, a ce ya tashi ya tashi. Kowa ya san wasa ne. Naziha ita ke ƙera musu kayan wasan. Ta yi wata fitila mai lilo, ta rubuta mata umarni. In ka taɓa ta, sai ta tambaye ka ko ka yarda. In ka amsa, allon kwamfutarka ya dushe, surarka ta lumshe ido, wata murya ta fara saukar da kai a kan matakala, taki bayan taki, har ka kai ƙasa, sannan ta hawo da kai ta tashe ka.

Muryar ta yayanta Shukri ce. Ya daɗe yana karanta labarai a wani gidan rediyo kafin a rufe shirinsa, ya dawo gida ya zauna. Wannan aikin ne ya sa ya koma aske gemu da safe. Yanzu masu saye sun ce suna son muryar da amo, kamar daga cikin kogo. Duk faɗin Safakis kuwa, tsohon garinsu na bakin teku, babu inda ya kai gidan wankan jama'a na kakansu amo, wanda aka rufe tun ranar da tukunyar ruwan zafinsa ta fashe.

Shukri ya makara. Ya iso yana cin burodi da kifin gwangwani, mai na ɗiga a gaban rigarsa.

"Rana ta kusa faɗuwa, Yaya."

"To sai me? Aljanun Gwaggo suna da agogo ne?"

Mukullin ya yi gardama kafin ya juya. Naziha ta yi sallama a hankali. Shukri ya wuce ta, bakinsa cike da burodi.

Ciki da sanyi. Warin tsohon sabulu da danshi da kashin jemage. Suka wuce ɗakin tuɓe kaya, suka shiga na tsakiya, inda haske ke saukowa ta ƙananan ramukan da ke cikin kubba, ja-ja, ya kusa ƙarewa. Daga can gaba akwai ƙofar ɗakin zafi, wanda rijiyar gidan ke cikinsa. Can babu haske ko kaɗan.

Naziha ta zauna a kan dakalin marmara, ta buɗe kwamfuta, ta jona ta da wayarta. Ta shiga ɗakin aikinta na waccan duniyar, ɗakin da ta kulle babu mai shiga sai ita. Ta zaunar da surar Shukri a kan kujera a gaban fitilar, don ta ga ko muryar za ta tafi daidai da lilon. Ta sa abin sauraro a kunne, ta miƙa wa yayanta makirufo da takardar da zai karanta.

A allo fitilar ta yi tambayarta.

"Ga ta tana tambayarka," in ji Naziha. "Ka yarda?"

Shukri ya ware hannuwa kamar mai wasa a gaban jama'a. "Na yarda!"

Amon ya zaga kubba ya mutu. Naziha ta danna maɓallin a madadinsa. Sai can, bayan komai ya yi tsit, kalmar ta sake dawowa daga ɗakin zafi, ƙasa-ƙasa.

Suka dubi juna.

"Kin ji amo ko?" Shukri ya ce yana dariya. "Turawanki za su haukace."

Ya gyara murya ya fara.

"Saki kafaɗunka. Babu abin da ke jiranka. Ga matakala a gabanka, sa ƙafarka a kan ta farko."

Muryar ta fito yadda ba ta taɓa fitowa ba, mai kauri, mai laushi, ta cika ɗakin. Naziha ta yi murmushi. A allo fitilar na kai da kawowa, surar Shukri ta sunkuyar da kai.

Ruwa ya fara ɗiga a wani wuri.

Ta ɗaga kai ta duba famfunan da ke jikin bango. Duk sun yi tsatsa, a bushe. Amma ɗigon na nan, ɗis, ɗis, kuma yana tafiya daidai da lilon fitilar.

"Sauka ta gaba. Jikinka ya yi nauyi."

A cikin abin sauraron ta ji numfashi. Ta ɗauka nata ne, ta riƙe shi. Ta dubi Shukri, shi magana yake yi. Numfashin bai tsaya ba.

Daga nan ta ji ana bin karatun. Wata murya ce a ƙarƙashin tasa, tana maimaita kowace kalma, kamar ɗalibi a bayan malami. Ta ce a ranta amo ne. Ta ƙara sauti don ta tabbatar.

Muryar ta cim ma Shukri. Suka tafi tare.

Sannan ta riga shi.

"Sauka," in ji muryar.

"Sauka," in ji Shukri.

"Ruwan da ɗumi."

"Ruwan da ɗumi."

Babu ruwa a cikin abin da ta rubuta.

"Yaya," ta ce da raɗa. "Ba haka yake a takarda ba."

Takardar tana ƙasa. Ba ta san lokacin da ya sake ta ba. Idanunsa a rufe suke, makirufon na rataye a yatsunsa.

"Yaya, bar wasan nan. Ba na so."

Ta dubi allo. Ƙasan ɗakin aikinta ya jiƙe, ruwa na malala a ƙarƙashin kujerar, ita kuwa ba ta taɓa yin ruwa a ɗakin ba. A bayan kujerar akwai wani a tsaye. Dogo ne, kansa ya kusa taɓa rufi. Kowa a waccan duniyar yana yawo da sunansa a saman kansa. Wannan ba shi da suna.

Ta danna maɓallin farkawa. Ta sake dannawa. Ta danna na kashe kwamfutar ta riƙe.

Fitilar ta ci gaba da lilo.

Surar Shukri ta miƙe daga kujera.

Shukri ya miƙe daga dakali.

Makirufon ya faɗi, ƙararsa ta soki kunnenta. Ya juya ya nufi ƙofar ɗakin zafi, yana taku a hankali, yana lanƙwasa gwiwa a kowane taki kamar mai sauka, alhali ƙasan a shimfiɗe yake.

Ta yunƙura za ta tashi. Ƙafafunta suka ƙi. Wani ɗumi mai daɗi ya hau ta daga tafin ƙafa, irin na ranar da mahaifiyarsu ke kawo ta nan tana ƙarama, ta cuɗa ta har ta yi barci a cinyarta. Warin jemage ya tafi. Tururi take shaƙa, da ruwan wardi.

"Naziha."

Muryar yayanta ce, a cikin kunnenta. Amma yayanta ya riga ya shige duhu.

"Kin gaji. Kullum ke ke tsaron kowa. Kin yarda?"

Ta ji kanta yana sunkuyawa. Ta ji leɓenta na buɗewa.

Ta sa haƙori ta ciji harshenta.

Jini ya cika mata baki. Sanyi ya dawo. Ta fizge abin sauraron ta yar, amma muryar ba ta tafi da shi ba. Yanzu daga bango take fitowa, daga famfunan, daga magudanar da ke ƙarƙashin ƙafarta.

"Kin yarda?"

"A'uzu billahi," ta ce, jini na bin haɓarta. Sauran addu'ar ta ɓace mata.

Ta zame daga dakalin. Da rarrafe ta tafi, mukulli a hannu ɗaya, waya a ɗayan. Marmaran a jiƙe yake. Ɗumi ne da shi kamar fatar mutum.

Hasken wayar ya sauka a bayan Shukri.

An ture murfin rijiyar gefe. Yana tsaye a kan bakinta. Ƙafarsa ɗaya na cikin iska, tana lalube, tana neman taki na gaba.

Ta kama ɗamarar wandonsa ta ja. Bai motsa ba. Ta ji ana ja daga ƙasa, a hankali, ba gaggawa, kamar mai jan guga.

Gwiwoyinta suka fara zamewa.

Ta ɗaga mukullin ta maka masa a idon sawu da duk ƙarfinta. Ta kira shi yadda mahaifiyarsu Baya ke kiransa in ya yi nisa a cikin teku.

"Shukri ɗan Baya! Fito!"

Ya ja numfashi kamar wanda aka tsamo. Suka faɗi da baya tare. Wayar ta suɓuce ta faɗa rijiyar, haskenta na juyawa, yana ƙanƙancewa.

Ba su ji ta taɓa ruwa ba.

Abin da suka ji taku ne. Ƙafa a jiƙe, a kan dutse, tana hawowa.

Naziha ba ta san yadda suka sami ƙofa ba. Ta dai tuna nauyinsa a kafaɗarta, da bangon da ta yi karo da shi, da ɗumin numfashi a ƙeyarta har bakin zaure. Suka faɗo kan titi. Ta ja ƙofar ta murza mukulli da hannu biyu.

A waje fitilun lungu sun kama. Mutane na fitowa daga masallaci, an idar da magariba, su kuwa ko kiran sallar ba su ji ba. Wani mai gasa kifi ya bar wutarsa ya taho.

"Lafiya, 'yar'uwa? Waye ya fasa miki baki?"

Ta juya ta dubi yayanta. Shukri na zaune a ƙasa, ƙafar wandonsa ɗaya a jiƙe sharkaf har gwiwa.

Washegari da hantsi Gwaggo Zakiya ta tura maza da liman. Sun sami kwamfutar a kan dakali, a mace, ba ta ƙara kamawa ba. Rijiyar kuwa a bushe take ƙaf, suka ce, ana hango ƙasanta, kuma babu waya a ciki. Gwaggo ba ta yi wa kowa faɗa ba. Ta sa aka kawo magina suka toshe ƙofar da bulo.

Naziha ta ari kwamfutar maƙwabciya ta shiga waccan duniyar. Ta cire fitilar daga kasuwa, ta rushe ɗakin aikin, ta goge duk abin da ta taɓa rubutawa. Abin da suka ɗauka a gidan wanka bai taɓa barin kwamfutar da ta mutu ba.

Duk da haka, bayan 'yan kwanaki saƙonni suka fara shigowa. Waɗanda suka sayi fitilar tun da can suna ta godiya a kan sabuwar murya. Wani ya ce bai san Shukri na jin harshensu ba. Wata mata daga wata ƙasa mai nisa ta ce abin ya yi daɗi, sai dai ba ya tashin mutum kamar da, kuma jiya 'yarta ta same ta a tsaye a bakin tafkin bayan gidansu, ba takalmi. Naziha ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana roƙon su jefar da fitilar. Wasu suka jefar. Wasu suka ɗauka sabon salon wasan ne, suka yaba mata. Wasu ba su ƙara amsawa ba.

An yi wa Shukri ruƙiyya, an kai shi asibiti, likita ya ce maƙogwaronsa lafiya lau. Amma muryar nan mai kauri ba ta dawo ba. Da raɗa yake magana, shi ma sai ya zama dole. Yana ci, yana salla, yana taya Gwaggo ɓare wake.

Wata rana da yamma Naziha ta kai masa shayi a saman soro. Ta same shi zaune, ido a buɗe, yana kallon jiragen ruwa. Ƙafarsa ta dama tana ɗagawa kaɗan, ta sauka. Ta ɗaga, ta sauka.

Ta ajiye shayin ta dafa gwiwarsa.

"Yaya, ka fito fa. Ni na fito da kai. Kana gida."

Ya dube ta da tausayi, kamar ita ce marar lafiyar. Ya matso da bakinsa kusa da kunnenta.

"Na sani," ya ce. "Amma har yanzu sauka nake yi, Naziha. Kuma na fara jin mutane a bayana."