Injin Landry

Wanda ya san Garuwa ya san tafkunan kifin Landry a bakin Binuwai, ko in ce kufansu. Karfasa yake kiwo. Ya sayi injin da ke bugun ruwa yana hura masa iska, ya haɗa da na tace ƙazanta, amma da zafi ya tsananta sai kifin su taso suna haki, su juya ciki sama. Maƙwabta na cika kwanduna, shi yana kwasar mushe. Hassada ta ci shi, ya hau moto sai wani ƙauye bayan Tcholliré, wurin boka.

Bukkar tana warin ƙarni, an jera ƙasusuwan kifi a jikin bango. A tsakiya akwai baƙar tukunya, ruwan cikinta yana tafasa ba wuta a ƙarƙashi.

"Baba, so nake kifina su daina mutuwa," in ji Landry.

"Za su daina." Boka ya yanka tarwaɗa da ranta, ya jiƙa wani ƙulli da jinin. "Ɗaure wannan a gindin injin. Kamun farko kuwa ba na sayarwa ba ne, a ci shi."

"Wa zai ci?"

"Wanda ba za ka ji rashinsa ba."

Landry bai ƙara tambaya ba, don ya riga ya zaɓa. Leburorinsa mana, 'yan ƙauyukan kan dutse da ba mai bin kadinsu!

Kifi suka yi ƙiba har tafki ya yi musu kaɗan. Ranar kamun farko ya tura wa leburorin kwandon, ya ce su ci, ya wuce kasuwa yana murmushi. Sai dai su a garinsu ba a taɓa kamun farko kafin gidan mai abu ya ɗanɗana. Zacharie, babbansu, ya ɗauki kwandon a kai ya kai wa Jocelyne, matar Landry. Ta yi miya, tsohuwar Landry ta ci, 'yarsa Nadine ta ci, sauran ta yi banda ta ajiye. Da Landry ya dawo ya ga ƙaya a kwano, sai ya ce ya ƙoshi.

Arziki kam ya zo. Motoci har daga Meiganga suke zuwa lodi. A gida kuwa tsohuwa ta fara haki, baki buɗe, irin na kifin nan. Likita bai ga komai ba, har aka binne ta. Abin ya koma kan Nadine.

Jocelyne ce ta lura: duk sa'ad da aka ɗauke wuta injin ya tsaya, yarinyar sai ta samu numfashi, har ta nemi abinci. Ta tsare mijin, ya faɗa mata komai.

"Baban Nadine, don Allah kashe injin nan!"

"In na kashe kifin duka sun tafi. Ki bari a kwashe tukuna."

Wallahi abin da ya ce ke nan. Washegari ma janareta ya sayo, kada wuta ta sake yanke masa.

Nadine ta mutu da tsakar rana, tana yagar wuyanta. Jocelyne ta daina magana, tana zama a ƙofar gida tana dariya ita kaɗai, unguwa ta ce ta zare. Injin kuma ya yi tsit, tunda babu sauran wanda zai zuƙe wa numfashi. Kifi suka fara tasowa, Landry ya rasa inda zai sa kansa.

Ran nan ta ajiye masa tuwo da miya mai ƙanshi, ya cinye tas. Ta tsaya a kansa.

"Bandar kamun farko ce," ta ce. "Na ajiye maka rabonka."

Ta kulle shi a ɗaki, ta taka har bakin tafki, ta kunna injin da hannunta. Nan take ya tashi. Zacharie ya ce bai taɓa jin yana gudu haka ba, kuma Jocelyne ta zauna kusa da injin har ya sake yin shiru.

Kai mai sha'awar dukiyar tsafi, ka ji da kyau. Kana iya zaɓar wanda za a ci, amma ba kai ke raba kwanon ba, kuma boka bai taɓa zuwa jana'izar kowa ba.