Kiɗan da Shafa'atu Ke Ji a Takaba

Maganar ta iso Kankara ne a bakin wata mai sayar da daddawa: wai Shafa'atu, matar marigayi Yahuza, tana cikin takaba amma kullum waya na manne da kunnenta, kiɗan coci take ji. Wasu suka ƙara gishiri, wai Lidiya maƙwabciyarsu ce ke janta, tana fita takaba za ta bar sallah.

Hajiya Bilkisu, yayar mahaifin Yahuza, ta daɗe tana shugabar makaranta, kuma ba ta taɓa dukan yaro a kan "an ce" ba. Ta yafa mayafinta ta hau motar Faskari, inda iyalin suka raɓe tun da 'yan bindiga suka tashi Tafoki.

Ta iske gidan ba walwala. Inna Hajaratu, uwar Yahuza, na bakin murhu tana iza wuta. Ɗan farinta ne, don haka har ya koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunansa ba, ranar jana'iza ma ba wanda ya ga hawayenta. Ta ce ƙasar kabarin yaron nan ba ta bushe ba matarsa ta mai da musu gida gidan goge. Rabo, ƙanen mamacin, ya ce wayar ai kayan gado ce, don kara ya bar mata, amma ranar kasuwar 'Yankara zai kai a share duk abin da ke ciki.

Hajiya ta shiga ɗakin Shafa'atu. Yarinyar ta zube ta gaishe ta, duk ta rame, wuya kamar sillen kara.

"Ɗiyata, mi kike ji a wayar nan?"

"Ba komai, Gwaggo..."

"Ba komai ne ya kai sunanki Kankara? Kunna."

Shafa'atu ta sakaya ƙofa, ta latsa wayar.

Gogen Turawa ne, siriri, shi kaɗai, yana ta hawa sama kamar tsuntsun da ya tashi daga gona da hantsi. Can wasu gogen masu yawa suka biyo shi a hankali, suka shimfiɗu ƙarƙashinsa kamar fadama bayan ruwa. Ba waƙa, ba ganga.

Hajiya ta zauna bakin gado. Ta san irin wannan kiɗan. A kwalejin horon malamai mata, wata malamarsu Baturiya kan sa musu faifansa a garmaho, ta juya fuska ga taga har ya ƙare. Ta taɓa gaya musu gonakin ƙasarsu ne aka zuba a cikin kiɗa, kuma samarin da suka yi noman gonakin, yaƙi ya kwashe su, har da wanta.

"Wannan ba na coci ba ne," in ji Hajiya. "Ina kika samo shi?"

"Ki ƙara saurare, Gwaggo. Ƙasa-ƙasa."

Sai ta ji. Ƙarƙashin gogen akwai sarar fartanya, ɗaya bayan ɗaya. Akwai shessheƙar rediyo. Wani ya yi tari. Sannan murya ta matso kusa, tana haki, tana dariya:

"Shafa tawa, kin ji abin da rediyon nan ta kamo min yau? Ban san mi suke nufi ba, amma ke na tuna. Hasken idona... ki ajiye min fura, ina nan tafe."

Gogen ya ci gaba da hawa, sannan ya yanke.

Shafa'atu ta ce Yahuza ne ya ɗauka a wayar, ranar da aka kashe shi. A gindin gero aka tsinci wayar, kusa da inda 'yan bindiga suka harbe shi, rediyon na rataye a reshen gawo tana ta magana. Furar kuwa ta dama, ta rufe da faifai, har ta yi tsami.

"Shi ke nan abin da ya rage min, Gwaggo. Hotunanmu sun ƙone a Tafoki. In an share, da mi zan gaya wa abin da ke cikina yadda ubansa ke magana?"

"To don mi ba ki kunna wa Innarku ba?"

Yarinyar ta rufe fuska da gefen hijabi.

"Haba Gwaggo... yana ce min hasken idona? A gaban Inna? Gara ta zage ni."

Hajiya ta share ido, ta ce ta ba ta wayar, yanzu za ta kashe maganar. Shafa'atu ta riƙe ta da hannu biyu kafin ta saki.

A tsakar gida Hajiya ta aje wayar kan tabarma, ta gyara zama irin na gaban aji. Ita ma nauyin kalmomin ya kama mata harshe, sai ta faro daga nesa. Ta kawo kwaleji, ta kawo garmaho, ta kawo Baturiya da tagarta.

"Ashe dai na Nasara ne," in ji Inna.

"Ki bari in kai ƙarshe, Hajaratu."

"Ku 'yan boko ba ku rasa ƙarshe. Ni ɗana aka kashe, ba ɗan Baturiya ba."

Shi ne karo na farko da aka ji ta ce ɗana. Muryarta ta tsage, kuma don kada a ga abin da ya taho mata a ido, sai ta daka wa Rabo tsawa ya ciro mata abin da kiɗan ke ciki. Kafin Hajiya ta yunƙura da gwiwoyinta na tsufa, ya ɓalle bayan wayar, ya zaro ɗan memorin da bai kai farce ba. Inna ta karɓa ta cilla cikin garwashi.

Shafa'atu ta fito a guje, ba takalmi, ta cusa hannu cikin wutar. Lidiya da ta jiyo ihu ta katanga ce ta shigo ta janye ta. Yatsunta sun sale, ba ta kamo komai ba sai toka. Ta durƙusa tana kallon murhun, bakinta na motsi.

"Na ajiye maka... wallahi na ajiye maka."

Inna ta kakkaɓe hannu, ta ce gobe ma a ƙara kawo mata kiɗa gida, sannan ta dubi Hajiya ta ce to, ta ƙarasa labarin Baturiyar.

Hajiya Bilkisu ta miƙe a hankali, ta gyara mayafinta.

"Muryar Yahuza ce a ciki, ranar da aka kashe shi. Babu wata a ko'ina."