Wayar Auta a Saman Bene

"Yaya, in ka yanke wayar nan, wallahi gobe biyu zan ɗaura!"

Ko kallonta bai yi ba. Ya sa filaya, ƙat! Doguwar wayar tagullar da ke miƙe tsakanin sanduna biyu a saman bene ta zube ƙasa.

Auta ta cije leɓe, ta hana hawayenta fitowa.

Da wayar nan take kamo sautin Mushtari, ƙatuwar duniyar da ke can sama, mai fitar da ƙara kamar ruwa yana dukan gaɓa. Ita da Mai Rediyo, saurayin da ke gyara a shagon bakin layi, suka haɗa na'urar da hannunsu. A wajen haɗin ne zukatansu suka haɗu.

'Yar baffanta ce ta kunna wutar. Ta sha kai wa saurayin rediyo mai lafiya ƙalau ya gyara, bai taɓa ɗaga ido ya kalle ta ba. Sai ta je ta raɗa wa Umma wai muryar aljanu Auta ke saurare, kuma shi ya yi mata asiri.

"Ba ke ba shi!" in ji Yaya. "Magana ta ƙare."

"Ba a ma fara ba."

Washegari ta isa shagon, idanunta jawur. Mai Rediyo ya ajiye abin da yake gyarawa.

"Haskena... ki haƙura da na'urar nan har a ɗaura mana aure. In sun ga kin bari, za su sauko."

"Har da kai?"

"Don kar in rasa ki ne..."

"In na bari, na yarda ke nan kai boka ne, ni kuma mahaukaciya! Wanda zai haɗiye ƙarya don a ba shi mata, ba mijina ba ne."

Ta fice. Yana kira, ba ta waiga ba.

Da yamma ta hau bene da sabuwar waya, ita kaɗai. Tana can ƙarshen tsani yana rawa, sai ta ji an riƙe shi gam.

"Ɗaura, ina riƙe da ke," in ji Mai Rediyo.

"Ta ina ka shigo?"

"Ta ƙofar gida. Na durƙusa na gaishe da Umma, na roƙe ta ta zo ta ji aljanun da kunnenta."

Sai ga Umma tana hawowa, tana dafa gwiwa, Yaya na biye da ita fuska a murtuke. Bayan magariba aka ɗora mata abin saurare a kunne.

Shuuu... ba komai. Mushtari ba kullum yake magana ba.

"Aljanun naku ma rowa gare su," in ji Umma.

Amma washegari ta sake hawowa, haka ma jibi. Ranar da sautin ya zo, ya taso ya kwanta, ya sake tasowa, Umma ta damƙe hannun Auta.

"Ikon Allah! 'Yar nan, daga can sama?"

"Daga can, Umma."

Umma ta juya ga Yaya. "Je ka kira min baffanku. Da 'yarsa!"

Ranar da za a kai amarya, Mai Rediyo ya hau zai kwance na'urar. Ya tarar da Umma zaune a gabanta.

"'Ya na ba ka, ɗan nan. Wannan kam ku haɗa wata!"